Shekara ta Bakwai: Yadda Malaman Yahudawa Ke Kokawa da Dokar Yafe Bashi da Hutun Gona

Duk bayan shekara bakwai ana ƙulla wani ciniki a Isra'ila wanda in ka fara jin labarinsa sai ka ɗauka tatsuniya ce. Gab da kamawar sabuwar shekarar Yahudawa, manoma sukan sa hannu a takardar wakilci su miƙa wa Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar, ita kuma ta sayar da gonakinsu ga wani mutum da ba Bayahude ba. A yanka farashi, a ba da kafin alƙalami, a sa shaidu. Kashegari aiki ya ci gaba a gonar kamar kullum, sai dai da wasu 'yan sharuɗɗa, in wa'adi ya cika kuma gona ta koma hannun mai ita. Dalilin cinikin shi ne a kauce wa dokar Attaura da ta ce a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. An yi haka a 2007, an yi a 2014 da 2021, kuma za a sake yi a watan Satumba na 2028.

Wanda ya yi karatun zaure, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙissar mutanen Asabar ta cikin Suratul A'araf, waɗanda malaman tafsiri suka ce sukan kafa taru ranar Juma'a su kwashe kifi ranar Lahadi. Wanda ya taso a fiƙihun Malikiyya kuwa ya san yadda malamansa ke ƙyamar hila. To, wannan zargi, tun kafin bare ya yi shi, Yahudawa sun yi wa junansu shi, sun rubuta shi cikin manyan littattafansu, kuma a zamaninmu har kotu suka kai juna a kansa. Rigimar ita ce abin dubawa, domin a cikinta ake ganin yadda al'ummar da ke riƙe da nassin da ba a taɓa ko harafinsa ɗaya take zama da shi a zamanin banki da takin zamani da kasuwar ƙetare.

Dokar ta zo a wurare uku cikin Attaura. Littafin Fitowa sura 23 ya ce a yi noma shekara shida, ta bakwai a bar gona ta huta domin matalauta su ci abin da ta fitar, abin da suka rage namun jeji su ci. Littafin Firistoci sura 25 ya faɗaɗa: ba shuka, ba gyaran kurangar inabi, gyauron da ya fito kuma na mai gona ne da bawansa da ɗan ƙodagonsa da baƙon da ke zaune tare da shi da dabbobi. Bayan bakwai sau bakwai sai shekara ta 50, wato Yobel, inda gonar gado da aka sayar take komawa ga danginta. Dalilin da aka bayar gajere ne: ƙasa ta Ubangiji ce, ku baƙi ne a kanta. Sai Maimaitawar Shari'a sura 15 ta kawo batun kuɗi, ta ce a ƙarshen kowace shekara bakwai mai bin ɗan'uwansa bashi ya sake shi, ko da yake ta yarda a ci gaba da bin bare. Wannan shekara ita ake kira shemita.

Nassin da kansa ya hango inda takalmi zai matse. A Littafin Firistoci an kawo tambayar da manomi zai yi, me za mu ci a shekara ta bakwai, aka amsa masa da alkawarin albarkar shekara ta shida da za ta ishi shekara uku. A Maimaitawar Shari'a kuma an gargaɗi mai hali kada mugun tunani ya shige shi ya ce shekarar yafiya ta kusa, ya hana matalauci rance. Kuma dokar ba a takarda kawai ta tsaya ba. Littafin Makabiyawa na farko ya ba da labarin garin Bet-zur da ya miƙa wuya ga mayaƙan da suka kewaye shi saboda rumbuna sun ƙare a shekarar hutu. Marubucin tarihin nan Yusufus ya ce Yuliyus Kaisar ya ɗauke wa Yahudawa harajin wannan shekara. Da Rumawa na baya suka daina wannan rangwame, Talmud, babban kundin muhawarar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa wani malaminsu, Rabbi Yannai, ya sa aka yi shela: ku fita ku yi shuka a shekara ta bakwai saboda haraji.

Kafin a fahimci yadda malami zai iya faɗin haka, sai an san cewa addinin Yahudanci na yau ba daga rubutacciyar Attaura kai tsaye yake ɗaukar hukunci ba. Bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, jagoranci ya koma hannun malamai, waɗanda suka ce tare da rubutaccen nassi an ba Annabi Musa bayani na baka. An tattara wannan bayani cikin Mishna wajen shekara ta 200, aka yi ta muhawara a kansa a makarantun Galili da na Babila, wato Iraƙi ta yau, har aka sami Talmud wajen ƙarni na 6. Daga nan sai littattafan hukunci, irin na Musa bin Maimun, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, da Shulhan Arukh na Yusuf Karo da aka buga a 1565, sai kuma dubban fatawowi. Ta wannan hanya ce "ido a bakin ido" ya zama diyya ta kuɗi kashi biyar: lahani, zafin ciwo, magani, zaman rashin aiki da kunyar da aka jawo wa mutum.

Akwai wani labari a Talmud da Yahudawa ke yawan kawowa a nan. Malamai sun yi saɓani kan tsarkin wata tanda, Rabbi Eliyeza shi kaɗai a gefe guda. Ya kafa hujja da mu'ujizoji, itace ya tashi daga mazauninsa, ruwa ya koma da baya, har murya ta zo daga sama ta ce shi ke da gaskiya. Sai Rabbi Yoshuwa ya miƙe ya jawo ayar da ta ce Attaura ba a sama take ba. An riga an sauke ta ga mutane, hukunci kuma na masu rinjaye ne. Masu son sauyi sukan tsaya a nan su tafa. Amma labarin bai ƙare ba: an ƙaurace wa Eliyeza, hawayensa suka jawo masifa, shugaban majalisar da ya jagoranci abin ya mutu. An kuma ajiye labarin ne a babin da ke magana kan zunubin cutar da mutum da baki. Ikon fassara na malamai ne, amma wanda fassarar ta taka shi ma yana da mai jin kukansa.

Yanzu mu dawo kan bashi. Hillel, malamin da ya zo Ƙudus daga Babila a zamanin sarki Hirudus, ya lura cewa abin da Attaura ta yi gargaɗi a kansa shi ne ya faru: mutane sun daina ba juna rance. Sai ya kafa wata takarda mai suna prozbul. Mai bin bashi yakan je gaban alƙalai ya furta cewa ya miƙa musu duk bashin da yake bi, domin ya karɓe shi duk lokacin da ya ga dama. Hujjar ita ce dokar yafiya ta hau kan mutum ne da ɗan'uwansa, bashin da ke hannun kotu bai shiga ciki ba. Mishna ta ce ana rubuta takardar ne in wanda ake bi yana da fili, in ba shi da shi kuwa mai bin bashin ya mallaka masa ko da taki ɗaya ne a cikin gonarsa. A kogunan Wadi Murabba'at kusa da Tekun Gishiri an tono takardar bashi ta zamanin sarki Nero, wanda ya ci bashin yana alkawarin biya ko da shekarar yafiya ce. Ke nan mutane sun riga sun fara neman mafita da kansu.

A ganina Hillel ya yi daidai, kuma dalilin a fili yake. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma talaka ne ya fi kowa buƙatar a buɗe masa ƙofarsa. Wanda ke neman kuɗin iri ko na magani a shekara ta shida, me zai yi da alkawarin yafiyar bashin da ba wanda zai ba shi? Dokar da aka saukar don kare shi ta koma ita ce ke rufe masa ƙofofi. Musa bin Maimun, da ya jera matakan sadaka takwas, bai sa ciyarwa a sama ba. Ya ce mafi girma shi ne ka ƙarfafa hannun mutum da kyauta ko rance ko haɗin jari ko samar masa aiki, har ya daina roƙo. Daga wannan tunani ne asusun rance marar ruwa ya yaɗu a unguwannin Yahudawa, irin wanda baƙin haure suka kafa a New York a 1892 kuma yana nan har yau. Mishna ta lissafa prozbul cikin gyare-gyaren da aka yi don daidaita zaman duniya, abin da suke kira tikkun olam.

Sai dai kuma da wannan takarda aka cire wani babban birki da shari'a ta sa wa bashi. Talmud bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Ya yi tambaya gar da gar: ta yaya Attaura za ta ce a yafe, Hillel ya ce kada a yafe? Malaman Talmud suka yi ta muhawara. Abaye ya amsa da cewa tun da aka daina Yobel, shemita ta zamaninmu farillar malamai ce ba ta Attaura ba, wanda ya ɗaura kuwa yana iya sassautawa. Raba ya ce kotu tana da ikon cire dukiya daga hannun wani ta ba wani. Shmu'el, babban alƙalin Babila, ya kira takardar cin fuska, ya ce da zai sami iko da ya soke ta. Rab Nahman ya ce shi da zai sami iko da ya ƙara tabbatar da ita. Aka bar maganganun duka a shafi ɗaya, ɗalibai na karanta su tare har gobe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yarda dokar ta mutu gaba ɗaya ba. Mishna ta ce in mutum ya kawo bashin da shemita ta riga ta share, mai bin sa ya ce masa na yafe. In ya ce duk da haka ga shi, to ya halatta a karɓa, kuma malamai suna yaba wa mai biyan. Malamin Bagadaza Yusuf Hayyim, da ya rasu a 1909, ya ba da shawarar cewa bayan mutum ya rubuta prozbul ya ranta wa wani ɗan kuɗi kaɗan, domin ya sami abin da zai yafe da gaske. Wani zai ce wasan yara ne. Ni kuwa ina ganin hanya ce ta hana mutum mantawa da cewa abin da yake yi rangwame ne aka yi masa.

Ɓangaren gona ya yi ƙarnoni yana barci, domin hutun ƙasa bai hau kan gonakin Poland ko Maroko ba, kuma Yahudawan Falasɗinu na lokacin yawancinsu mazauna birane ne, ba manoma ba. Ya farka ne bayan 1882, da baƙi daga Rasha da Romaniya suka fara kafa ƙauyukan noma a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, irin su Rishon LeZion da Zikhron Ya'akov, akasari da kuɗin attajirin Faransa Edmond de Rothschild. Shemita ta 1888 zuwa 1889 ta zo musu suna fama da zazzaɓi da bashi. Malamai uku na gabashin Turai, cikinsu har da Shmu'el Mohilever, suka tsara fatawar sayar da gonakin na ɗan lokaci, babban mufti na zamanin Yitzhak Elhanan Spektor na Kovno ya amince, bisa sharaɗin cewa na wannan karon ne kawai. Manyan malaman Ashkenazi (Yahudawa 'yan asalin Turai) na Ƙudus, Diskin da Salant, suka ce atafau. Manoman ƙauyen Ekron suka bi malaman Ƙudus suka ajiye garma, wakilan Rothschild suka matsa musu lamba, suka sha yunwa.

Fatawar ta dogara ne kan ra'ayin cewa gonar da ke hannun wanda ba Bayahude ba dokar hutu ba ta hau kanta ba. Masu suka suka ce ai akwai ayar da ta hana mallaka wa masu bautar gumaka ƙasar. Aka amsa musu da abu biyu: cinikin na wa'adi ne, kuma masu sayen Musulmi ne, waɗanda Musa bin Maimun ya riga ya yanke cewa masu tauhidi ne, ba masu bautar gumaka ba. Wanda ya fi kowa kare wannan matsayi shi ne Rabbi Abraham Isaac Kook, malamin Yafa, a littafin da ya rubuta don shemita ta 1909 zuwa 1910. Abin mamaki, gabatarwar littafin yabon shemita ce mai ratsa zuciya: shekarar da ba mai gida ba bawa, ba "nawa" ba "naka", abin da Asabar ke yi wa mutum ɗaya ita take yi wa al'umma. Bayan wannan yabo sai ya shiga bayanin yadda za a kauce mata. Hujjarsa ita ce lalura. In ƙauyukan suka ruguje babu wanda zai kiyaye shemita nan gaba, kuma ya nace cewa manyan ayyuka irin su shuka kada Bayahude ya yi su da hannunsa ko bayan an sayar.

Babban abokin hamayyar wannan ra'ayi a ƙarni na 20 shi ne Abraham Yeshaya Karelitz, wanda aka fi sani da Hazon Ish, da ya sauka a Falasɗinu a 1933 ya zauna a Bnei Brak. Shi ya ce cinikin banza ne, domin ba mai sayarwa ba mai saye da ke nufinsa a zuci. Amma shi ma bai ce kowa ya naɗe hannu ba. Ya halatta a yi shuka tun kafin shekarar ta kama, a yi wa itatuwa abin da zai hana su mutuwa, ya kuma goyi bayan wani tsohon tsari inda kotun addini ke ɗaukar manomi aiki a gonarsa, ta raba amfanin ga jama'a a kan kuɗin wahala kawai. Mabiyansa a wani ƙauyen haɗin gwiwa mai suna Hafetz Hayim suka gwada noma cikin ruwa ba tare da ƙasa ba. Yau ana shuka kayan lambu a cikin rumfunan leda, a kan gadajen da ba su taɓa ƙasa ba. A taƙaice, kowane ɓangare yana da tasa dabara, gardamar ita ce wacce ce ta halal.

A 2007 abin ya fashe. Majalisar Manyan Malamai, bisa matsin lambar Haredi, wato Yahudawa masu tsaurin riƙon addini, ta bar wa malamin kowane gari zaɓin hana takardar shaidar halaccin abinci ga shaguna da otal-otal da ke sayen amfanin gonakin da aka sayar. Manoma suka ga asara tana tafe. Wata ƙungiyar malamai mai suna Tzohar ta ce za ta riƙa ba da tata takardar, aka je Kotun Ƙoli, a watan Oktoba na shekarar kotu ta soke matakin majalisar. Su kuwa Haredi, a shekarar shemita sukan sayi kayan lambu daga manoman Larabawa da Falasɗinawa, ko a shigo musu da shi daga ƙetare. Malaman da ke goyon bayan kishin ƙasa suna zarginsu da karya manomin Bayahude. Su kuma suna mayar da martani da cewa ku masu cewa ko taku ɗaya na ƙasar ba za a bari ba, ku ne ke sayar da ita duka a takarda duk shekara bakwai.

A nan ne nake ganin duk ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Koma ka karanta ayar: domin matalauta su ci, da ɗan ƙodago, da baƙon da ke zaune tare da kai. Musa bin Maimun a littafinsa na Larabci, Dalalatul Ha'irin, ya ce manufar dokar tausayi ne ga mutane da kuma ƙarfafa ƙasa. Amma muhawarar shekara fiye da 130 ta karkata ne kan tumatirin da ke faranti, ko ya halatta a ci ko bai halatta ba. Waɗanda ke duƙe a gonakin nan yau, dubbansu 'yan ƙodago ne daga Thailand. A watan Janairu na 2015, tsakiyar shekarar shemita, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake biyansu ƙasa da albashin doka, da tsawon sa'o'in aiki, da feshin magani ba kayan kariya. Kuma ayar da ta ce ƙasa ta Ubangiji ce, ku baƙi ne, ana karanta ta ne a wurin da rikicin mallakar ƙasa tsakanin Yahudawa da Falasɗinawa ya ci rayuka ba adadi. Hillel ya auna gyaransa da tambaya ɗaya, shin talaka zai sami rance? Fatawar sayar da gona ta cika wannan ma'auni a 1889, lokacin da manomin shi ne talakan. Da wuya a ce ta cika shi yau, ga kamfanin da ke fitar da kaya zuwa Turai da jirgin sama.

Akwai Yahudawan da suka bi wata hanya daban. Malaman Reform, wato ɓangaren masu sassauci, a Amurka, a sanarwarsu ta Pittsburgh ta 1885, sun ce dokokin ɗabi'a kawai suka ɗauka a matsayin wajibi, sauran sai wanda ya dace da zamani. Wajensu ba buƙatar prozbul ko cinikin gona. Jikokinsu ne suka mayar da tikkun olam taken fafutukar adalci a cikin al'umma, kuma daga cikinsu da sauran masu sassauci ne aka sami masu farfaɗo da shemita a 'yan shekarun nan a matsayin darasi kan muhalli, da hutun ma'aikata, da taimakon iyalan da bashi ya yi wa katutu. Raunin wannan hanya shi ne ba ta tilasta wa kowa komai. Manomin Haredi da ya bar gonarsa ta zama saura shekara guda ya yi asara ta gaske, mai shirya taron ƙara wa juna sani kan muhalli bai rasa ko sisi ba. Kuma da masu riƙon harafi ba su yi ta ƙirga shekarun suna gardama a kansu ba, da masu neman ma'ana ba su tarar da wata shemita da za su farfaɗo ba.

Ra'ayin ya ma fita daga hannun Yahudawa. Gangamin Jubilee 2000, wanda coci-coci suka jagoranta don a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, daga Littafin Firistoci sura 25 ya ɗauki sunansa. A 1998 dubban mutane suka riƙe hannun juna suka kewaye taron ƙasashe takwas masu arziki a Birmingham ta Ingila. Matsin lambar ta taimaka wajen faɗaɗa shirin rage bashi da Nijar da Ghana suka kammala a 2004. Nijeriya ba ta cikin wannan shiri, amma a 2005 ta cimma yarjejeniya da Kulob ɗin Paris, ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi, aka yafe mata kimanin dala biliyan 18. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: an sake ciwo bashin, masu ba da rance kuma sun sake rubuta sharuɗɗansu. Gardamar Hillel da Shmu'el ce a wata riga.

Tambaya mafi zafi a cikin gida kuwa mata ne ke yin ta. A shari'ar Yahudawa igiyar aure ba ta tsinkewa sai miji ya miƙa takardar saki, get, da yardarsa. Alƙali ba ya iya raba auren da kansa kamar yadda alƙalin Malikiyya ke yi in cutarwa ta tabbata. Matar da miji ya hana takardar ana kiranta aguna, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, in ta haihu da wani kuma 'ya'yan suna ɗauke da tabon da zai hana su aure cikin jama'a. A Isra'ila, inda dokar 1953 ta damƙa auren Yahudawa da sakinsu ga kotunan addini, wasu mazan sukan mayar da takardar abin ciniki, a bar musu gida ko 'ya'ya kafin su saki. Namijin da matarsa ta ƙi karɓar saki kuwa yana da wata kafa, sa hannun malamai 100 ya ba shi damar ƙara aure. Shi ya sa matan ke cewa: kun samar wa mai bin bashi mafita, kun samar wa manomi, kun ma samar wa bankuna takarda mai suna heter iska da ke mayar da rance mai ruwa haɗin jari. Mu fa? Marubuciya Blu Greenberg, 'yar ɓangaren Orthodox masu riƙo da shari'ar gargajiya, ta dunƙule ƙorafin cikin jimla ɗaya da ta shahara, cewa inda malamai suka so, shari'a takan sami hanya.

Amsar malaman ba ta banza ba ce. Sun ce dukiya tana ƙarƙashin ikon kotu, shemita ta yau kuma farillar malamai ce, amma aure haramcinsa daga Attaura yake, kuskure a cikinsa kuma ba ya gyaruwa. Sai dai Talmud ɗin nan ya faɗa a wurare da dama cewa duk mai ɗaura aure da sharaɗin yardar malamai yake ɗaurawa, kuma sun taɓa warware aure daga tushe da wannan hujja. Rabbenu Gershom na Mainz, wajen shekara ta 1000, ya hana Yahudawan Turai auren mace fiye da ɗaya da sakin mace ba da yardarta ba, alhali Attaura ba ta hana ko ɗaya ba. Kayan aikin suna nan, tsoron ɗaukarsu ne ya yi yawa.

An ɗan motsa. Tun 1995 dokar Isra'ila ta ba kotunan addini ikon ƙwace lasisin tuƙi, da hana fita ƙasa, da rufe asusun banki na mijin da ya ƙi bin umarnin saki, har da ɗauri. A Amurka, Rabbi Mordechai Willig ya tsara yarjejeniyar da ango ke sa wa hannu kafin ɗaurin aure, cewa in zama ya ƙare zai riƙa biyan matar dala 150 kowace rana a matsayin ciyarwa har sai ya ba da takardar, kuma kotun gwamnati na iya tilasta biyan. Dabarar irin ta prozbul ce sak: ba a taɓa nassi ba, an dai sa wata takarda a gefensa. A 2006 babbar ƙungiyar malaman Orthodox ta Amurka ta buƙaci mambobinta kada su ɗaura aure ba tare da ita ba, Tzohar kuma ta fito da tata a Isra'ila a 2015. Manyan malaman Haredi da dama sun ƙi amincewa, suna cewa sakin da tarar kuɗi ta jawo sakin dole ne, sakin dole kuwa bai inganta ba. Don haka a unguwanninsu har yanzu ana ɗaura aure ba tare da ita ba.